Sallamar da Tabarma ta Rufe

Aikina na farko da ya amsa sunan aiki, a wani ofishin harkar noma na yi shi a Birnin Kebbi. Ni kaɗai ce mai kula da kwamfutoci a wurin, saboda haka duk abin da ke da waya a jikinsa idan ya lalace nawa ne, tun daga firinta har fankar ofishin shugaba. A Badariya aka haife ni. Iyayena daga tsakiyar Najeriya suka zo tun ba a san za a yi ni ba, babana kafinta ne, mamata tana sayar da kayan miya. Ranar Lahadi mu tafi coci, ranar Sallah kuma abincin maƙwabta ya fi ƙarfin kwanukanmu. Wurin mamata na gaji saurin baki, sai dai ban gaji sauran ba. Ita idan ta faɗi magana mai zafi, kafin miya ta tafasa ta manta. Ni kuwa sai in faɗa, sannan in koma gefe ina jiran a zo a ba ni haƙuri. Wannan hali nawa yana cikin labarin nan, shi ya sa na fara da shi.

Ofishinmu yana da malaman gona a ƙauyukan da ke bin gulbin Rima, wajen Argungu da Augie. Kowane ƙarshen wata sai sun kawo rahoto da hotunan gonaki. Kafin zuwana, a filasha suke saka su a ba direban mota, wata ta iso da cutar kwamfuta, wata ta iso babu komai a ciki, wata kuma ta wuce Jega a aljihun direba. Shugabar sashenmu, wadda kowa ke ce wa Madam, ta kira ni ta ce ta gaji. Ta ce in nemo hanyar da kowane malami zai aiko da kayansa daga inda yake, amma kada wani ya iya leƙa na wani, domin an taɓa yin rigima a kan kwafar rahoto.

Ga yadda na tsara abin. Muna da babbar kwamfuta a ɗakin ciki wadda duk fayilolin ofis suke zaune a cikinta, kowa yana buɗe foldojinta daga teburinsa. Ita na sa wa suna rumbu. Ban yarda in buɗe rumbu ga intanet ba, sai na kafa wata ƙaramar kwamfuta a gabansa, na kira ta zaure. Kowane malamin gona na buɗe masa asusu a zauren da kalmar sirri tasa. Idan ya shigo daga wayarsa, sai ya tsinci kansa a ɗaki ɗaya tak. Ba ya iya fita tsakar gida, ba ya ganin ɗakin maƙwabci, ba ya iya ba na'urar wani umarni. Ya ajiye fayil ko ya ɗauka, shi ke nan. Dabarar da na fi alfahari da ita kuwa ita ce ɗakunan nan ba su riƙe komai da kansu. Kowanne ƙasa ce tsirara, sai na jawo foldar mutum daga rumbu ta wayar ofis na shimfiɗa a kai kamar tabarma. Abin da malami ya ajiye a kan shimfiɗar nan, a rumbu yake sauka, mu kuma mu gan shi daga teburinmu. Kwana uku na yi ina gwadawa, na shiga da sunan kowa, na yi ƙoƙarin haura katanga ban iya ba, na yaba wa kaina sosai.

A Argungu muka tara malaman don in koya musu. Yawancinsu samari ne, kafin in gama bayani sun riga sun shiga sun fita. Mutum ɗaya ne ya zauna a bencin gaba yana riƙe da waya nesa da fuskarsa, yana ƙanƙance ido. Shi ne malamin gona na Gulma, mafi tsufa a cikinsu, kowa Baba yake ce masa. Saura wata kaɗan ya yi ritaya, kuma yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya. Na zauna kusa da shi muka shiga ɗakinsa tare. Ya daɗe yana duban allon wayar, sannan ya tambaye ni da gaske, ba da wasa ba.

"To ɗiyata, in na shigo, wa za ni yi ma sallama?"

Samarin suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na ce masa babu kowa a ciki, na'ura ce kawai. Ya girgiza kai ya ce shi bai taɓa shiga ɗakin mutane ya ajiye kaya ya juya ba, kuma ba da tsufansa zai fara ba. Ya ce tunda ni na gina ɗakin, ni ce mai ɗaki.

Bayan an watse ya tsayar da ni, ya ciro wani littafi daga jakarsa, naɗe a cikin leda. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi, gefensa gara ta taɓa. Ya ce yana da irinsa ashirin da uku a cikin akwati a gida. Tun shekarar da ya fara aiki yake rubuta ranar da ruwa ya fara shiga fadama, inda ya tsaya a jikin wata giginya da yake aunawa da ita, wace shinkafa ce ta bi ruwa ta tsira, wace ce ta nutse. A cikin tsofaffin littattafan akwai abin da dattawan manoma suka gaya masa game da irin da iyayensu ke shukawa, kuma duk mutanen nan sun riga mu gidan gaskiya. Babu wanda ya sa shi wannan aiki, babu kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ce idonsa yana tafiya, takardun ma suna tafiya, ko ɗakin nan nawa zai iya ɗaukarsu?

Na ce zai ɗauka har da ƙari. Na koya masa yadda zai shimfiɗa littafi a inuwa ya ɗauki hoton shafi ɗaya bayan ɗaya. Wayarsa ƙarama ce, ba ta da wuri, don haka na kafa masa doka da bakina: idan ya aika ya ga an karɓa, ya goge daga wayar don ta sami sarari. Ya maimaita dokar sau biyu kamar mai haddar karatu.

Washegari da na zo ofis na buɗe foldarsa a rumbu, na tarar da hotuna goma sha biyu. Na farkonsu ba shafin littafi ba ne. Wata 'yar takarda ce da ya yage, ya rubuta sallama a kai da manyan baƙaƙe, ya tambayi kwanana da na iyayena, ya ce an yi yayyafi a Gulma. Na yi dariya ni kaɗai. Sai kuma na ga bai dace a bar dattijo a tsaye a bakin ƙofa ba. Na yagi takarda ni ma, na amsa masa, na ɗauki hotonta na ajiye a ɗakinsa.

Haka muka ɗore. Kullum da safe kafin in taɓa komai sai na duba ɗakin Baba. Ta nan na san ranar da akuyarsa ta haifi biyu, da ranar da Inna, matarsa, ta yi fama da haƙori. Shi ma ya san ranar da babana ya sare yatsa da zarto, ya aiko da sannu har kwana uku a jere. Ya san ni Kirista ce, ranar Litinin yakan tambaya ko an yi ibada lafiya. Wani lokaci ya tsokane ni ya ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka, ni kuma in ce hotonsa na jiya rabin babban yatsansa ne ya fito. Muna da lambar juna, amma ba mu cika kira ba, domin shi waya a wurinsa ta labarin rasuwa ce da haihuwa. Da sababbin littattafai ya fara yana komawa baya, ya bar tsofaffin a ƙarshe saboda sai an lallaɓa su. Kafin damina ta yi nisa ya gama goma sha biyar, saura takwas.

Zauren nan yana da rajista da yake rubuta duk wanda ya shigo, da lokacin, da inda ya fito. Wata rana ina dubawa na ga an shiga ɗakin Baba daga wurare biyu cikin awa ɗaya. Na bincika, ashe malamin Augie ne ya manta kalmar sirrinsa, Baba ya ba shi tasa don ya ajiye rahoto. Raina ya ɓaci ƙwarai. Duk wahalar da na sha ta gina katanga, ga shi dattijo ya miƙa makulli ta sama. Aka yi rashin sa'a a makon akwai taro a Argungu, ni kuwa ban iya jira a keɓe ba. A gaban samarin nan na tayar da maganar.

Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce a hankali, "Ɗiyata, maƙwabci ya zaka da kaya bisa kai, in ce mai ba ni da ɗaki?"

Da na yi shiru a nan, da an yi dariya an wuce. Amma bakina ya riga ya kama gudu. Na ce masa wannan ba gidan Gulma ba ne da kowa ke shiga, kuma idan abin ya gagara zan share ɗakin nan tas in kulle shi. Baba ya sunkuyar da kai ya ce to, ya ji. Tun a mota ina komawa Birnin Kebbi na san na yi ba daidai ba, amma na gaya wa kaina ai gaskiya na faɗa.

Kwana biyu bayan haka aka yi hadari mai iska da rana tsaka, wuta ta ɗauke, batiran ofis suka ƙare kafin a tayar da janareto. Da wuta ta dawo na leƙa ɗakin ciki, na ga fitilun na'urorin duka suna ci, na buɗe rumbu daga teburina na ga komai yana nan. Ban shiga ta zaure na duba da idon mai shigowa daga waje ba. Na tattara jakata na tafi gida.

Washegari babu sallamar Baba. Jibi ma haka. Na ce a raina, to, fushi ake yi da ni ke nan. Maimakon in ɗaga waya, sai na ɗaure fuska ni ma, kamar yana ganina. Kullum da safe ina buɗe foldarsa, in ga hoton ƙarshe yana nan inda yake, in ja tsaki in rufe. Mamata ta lura ba na ba ta labarin Gulma, ta tambaya, na ce mutumin nan ne yake jin kansa. Ta dube ni ta ce ita dai a saninta mai jin kai ɗaya ne a gidan nan, kuma ita ta haife ta. Ban kira ba duk da haka. Abin yana ci mini rai, ina kewar 'yar takardar nan fiye da yadda zan iya faɗa, amma na fi son a ce shi ya fara.

Sai da wata ya zo ƙarshe, lokacin da sauran malamai ke aiko da rahoto, ɗaya daga cikinsu ya kira ya ce ɗakinsa wayam, rahotanninsa na baya duk babu. Na shiga zaure na duba, nan take na gane. Ranar hadarin nan zaure ya riga rumbu farkawa. Ya nemi foldojin da zai shimfiɗa bai same su ba, sai ya ci gaba da karɓar baƙi a kan ƙasa tsirara. Cikin minti biyu na mayar da shimfiɗun duka, malamin ya ce kayansa sun dawo, na ce masa ƙaramin abu ne. Ko kaɗan Baba bai faɗo mini a rai ba, domin na riga na yanke cewa fushi yake yi.

Da hantsin washegari malamin Augie ya kira Madam ya ce ruwa ya shiga Gulma, ɗakin Baba ɗaya ya faɗi, amma ba a rasa rai ba. Ina jin haka duk taurin kaina ya narke. Na roƙi Madam ta bar ni in je. Motar ofis ta kai ni Argungu, na hau kabu-kabu har inda hanya ta yanke, sauran kuma a kwalekwale. Fadama ta zama gulbi guda, kan shinkafa kawai ake gani yana lilo a wasu wurare, giginyu suna tsaye cikin ruwa har gwiwa.

Na same shi a ƙarƙashin rumfa a gidan ƙanensa da ke kan tudu. Ya tarbe ni kamar babu abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, ya sa Inna ta dama mini fura, ya tambayi yatsan babana. Sannan ya kai ni na ga ɗakin. Katanga biyu sun kwanta, akwatin yana ƙarƙashin laka. Sun tono shi, amma abin da ke ciki ya zama dunƙule ɗaya, tawada ta bi ruwa, ko baƙi ɗaya ba a iya karantawa. Na tsaya ina kallo. Shi ne ma ya shiga lallashina.

"Kak ki damu, ɗiyata. Na riga ruwa. Da nig ga shina hawa, kullum sai in yi ta ɗauka tun sahe hal la'asar. Takwas ɗin duka na aika miki, shafi na ƙarshe ana gobe ɗakin ga zai faɗi."

Na san abin da ke cikin foldarsa kamar tafin hannuna, domin kullum sai na duba, kuma babu ko hoto ɗaya sabo. Na karɓi wayarsa da sunan zan duba mata caji, na buɗe wurin hotuna. Babu komai sai hoton akuya da 'ya'yanta. Ya bi dokata sau da ƙafa, duk wanda ya aika ya goge. Ya kamata in gaya masa a lokacin, amma na dubi fuskarsa, mutumin da ɗakinsa ke kwance cikin laka yana murmushi saboda ya tsirar da abu ɗaya, sai na ce masa to Baba, madalla. Na shanye furar na kama hanyar gida.

Da sassafe na riga mai shara isa ofis. Na birkice rumbu, na duba foldar kowa ko sun faɗa ɗakin wani, na duba ajiyar da muke kwafewa duk mako. Babu. Na buɗe rajistar zaure, sai ga sunansa a jere, kwana goma sha ɗaya ba fashi. Kowace rana ya shigo, ya ajiye hotuna masu yawa, na'ura ta ce masa an karɓa. Ashe duk kwanakin da nake jan tsaki ina cewa yana jin kansa, dattijon nan yana durƙushe a inuwa yana tsere da ruwa. Kuma abin da ya tarar da ya shigo shi ne ɗaki a share tas, kwana biyu bayan na ce zan share shi. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka sosai, na kunya da na tsoro a haɗe.

A haka Madam ta same ni. Ita ba ta san komai game da na'ura ba, ko firinta ce ta tsaya sai ta kira ni, amma mace ce da ba ta ruɗewa. Ta jawo kujera ta ce in gaya mata da Hausa, ban da yaren aikina. Na yi mata bayanin zaure da rumbu da shimfiɗa, na ce shimfiɗar ta zame kwana goma sha ɗaya, shekaranjiya na mayar da ita. Sai ta yi mini tambayar da ko mamata za ta iya yi.

"Da za ki mayar da tabarmar, kin duba abin da ke ƙasa?"

Na juya ga allo. Na tambayi zaure nawa ne ya rage masa na wuri. Na'urar da bai kamata ta riƙe komai ba, sai ga cikinta ya kusa cika. Na rufe ƙofar shiga don kada wani ya shigo ana cikin aiki, na cire shimfiɗar ɗakin Baba, na leƙa ƙasa. Suna nan. Hotuna ɗaruruwa, jere bisa kwanaki, ba wanda ya taɓa su. A kan ƙasa tsirara ya yi ta ajiye su, ni kuma na zo da gaggawata na shimfiɗa folda a kansu na rufe su ruf. Madam ta dafa kafaɗata ta ce in kwafe su tukuna kafin in ci gaba da kukan.

Na kwafe su zuwa rumbu, na sake kwafewa a wani faifai dabam, na buɗe su ɗaya bayan ɗaya don in tabbata suna karantuwa. Littattafai takwas cif, har da wanda ya fi tsufa, mai rubutun saurayi da bai fara rawar hannu ba. A farkon hotunan kowace rana kuwa akwai 'yar takardar nan.

Ta ranar farko ta ce, bayan sallama, ya tarar an share ɗaki, ba komai, laifinsa ne. Amma tunda ya ga ba a kulle ƙofa ba, zai ci gaba da ajiyewa. Ta rana ta uku ta ce ruwa ya kai tsagar farko a jikin giginya, ya tambayi yatsan babana. Ta ranar Litinin ta tambaya ko an yi ibada lafiya. Wata ta ce Inna tana gaishe ni, ta ce a gaya mini ta yi masa faɗa a kan makullin. Rubutun yana ƙara girma yana karkacewa, alamar yana sauri kuma idon yana gardama. Babu inda ya yi ƙorafi ko sau ɗaya. Ta ƙarshe ita ce har yau na haddace ta.

"Assalamu alaikum ɗiyata. Wanga shi na shafi na ƙarshe. Yau kwana goma sha ɗaya ina sallama. Ban ƙara ba kowa makulli ba. In har yanzu ranki na ɓace ki yi haƙuri da tsoho. Ko ba ki amsa ba, ki aje min su da kyau."

A ranar na gyara abin da ya kamata in gyara tun farko. Na sa zaure ya riƙa jiran rumbu kafin ya buɗe ƙofa, na kuma kulle ƙasan kowane ɗaki yadda idan shimfiɗa ta zame, na'ura za ta ƙi karɓar kaya ta gaya wa mutum gaskiya. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Sauran kwanakin makon na yi su ne a gaban firinta, ina buga shafukan nan da girma yadda mai ido ɗaya zai iya gani. Babana ya ce takarda ba ta zama a leda a garin ruwa, ya haɗa mini ƙaramin akwatin katako mai ƙafafu dogaye, da yatsansa a naɗe.

Ranar Asabar na koma Gulma. Ruwa ya ɗan ja baya, kabu-kabu ya kai ni har kusa da gidan, akwatin yana kan cinyata. Tun a hanya nake shirya jawabi, yadda zan bayyana masa hadari da batir da shimfiɗa, yadda zan nuna cewa na'ura ce ta yi kuskure. Da na hango shi a ƙarƙashin rumfar yana gyaran wata tsohuwar komar kamun kifi ta ƙanensa, sai duk jawabin ya watse. Na ajiye akwatin a bakin rumfa. Ni ce mai shigowa, ni ya kamata in yi sallama, amma ba ita na yi ba.

Na ce, "Wa'alaikumus salam, Baba."

Ya ɗago yana dubana da idon nan mai gani. Na sake faɗa, na lanƙwasa yatsa na biyu. A ta uku ya ajiye komar. Inna ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu ta tsaya. Na ci gaba ina amsawa ina ƙirgawa, na ga leɓensa yana motsi yana ƙirgawa tare da ni. Da yatsun hannu biyu suka ƙare, na faɗi ta goma sha ɗayan a tsugune a gabansa. Sannan na gaya masa komai, ban ɓoye ba. Na ce ban share ɗakinsa ba, sakacina ne ya sa ya gan shi wayam, kuma girman kaina ne ya hana ni kiransa. Na ce ranar da na sha furarsa ban san inda littattafansa suke ba, na yi shiru don tsoro. Na ce ya yafe mini maganar da na yi masa a gaban yara. A iya sanina, ranar ce na fara riga wani ba da haƙuri.

Ya jawo akwatin ya buɗe, ya ɗauki shafin da ke sama ya kai shi kusa da fuskarsa, ya daɗe yana bin rubutun kansa na ƙuruciya da yatsa. Ya share ido da bakin rigarsa, ya ce yanar nan ce take sa shi hawaye, Inna ta ce ai kuwa yau har ido mai lafiyar ma ya kamu. Sannan ya dube ni.

"Ashe kina ciki, ɗiyata."

Na ce, "Ina ciki, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya matsa gefe ya ba ni wuri a kan tabarmar, ya ce in karanta masa shafin farko tunda idona ya fi nasa.